Yadda Ake Daidaita Agogon Kwamfuta da Lokacin Intanet

Duk mai shagon kwamfuta a Karaye ko Rogo da ke buga wa ɗalibai takardar JAMB ko duba musu sakamakon NECO ya san wannan matsala: an ɗauke wuta, an tada janareta, kwamfuta ta tashi, amma shafi ya ƙi buɗewa. Sau da yawa ana ɗora wa netwok laifi, alhali agogon kwamfutar ne ya koma shekarun baya. Takardar shaidar tsaron kowane shafi tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutar da ta ɓata lissafin kwanan wata kuwa ba za ta yarda da ita ba.

Da farko a duba batir. A kan allon cikin kwamfuta akwai ɗan batir mai faɗin kwandala, CR2032, mai volt 3. Shi ke riƙe agogo idan babu wuta. In kwanan wata na rikicewa duk sanda aka kashe inji, batirin ne ya mutu. A zare waya daga soket, a cire shi, a sa sabo.

Sai a gyara shiyyar lokaci. Nijeriya na gaban lokacin duniya na UTC da awa 1, rani da damina. A Windows a zaɓi West Central Africa. Wanda ya bar kwamfutarsa a shiyyar Amurka ya murɗa awa da hannu, agogonsa daidai yake a ido, amma a lissafin injunan duniya ya kauce da awoyi.

Daga nan a haɗa agogon da intanet. Ko da sabon batir, ɗan dutsen kwats na agogon da ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa yakan yi gudu ko nawa, zafin bazara kuma na ƙara masa kuskure. Maganin shi ne tsarin NTP, wanda David Mills ya fitar a 1985. A kunna daidaita lokaci ta atomatik, a sa adireshi kamar time.windows.com ko africa.pool.ntp.org. Waɗannan injuna suna karɓar lokaci hawa-hawa daga agogunan atom da taurarin GPS.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kwamfutarka za ta aika tambaya ta rubuta lokacin fitarta. Injin can zai rubuta lokacin da ta iso da lokacin da ya mayar da amsa, taka kuma ta rubuta lokacin dawowa. Da waɗannan lokuta 4 ake cire jinkirin hanya, a gano ainihin tazarar agogunan biyu. Inda manhaja ta ba da dama, kamar chrony a Linux, a sa majiya 3 ko 4, domin in ɗaya ta yi kuskure sauran su tona ta.

Manyan kwamfutocin IBM irin na bankuna ma daga NTP suke sha, ta tsarinsu na STP. Sai dai su ba a ja da agogonsu baya. A hankali ake ƙara masa sauri ko a rage har ya daidaita, don kada cire kuɗi ya riga zuba kuɗi a rajista. Duk mai ajiye lissafin ciniki a kwamfuta ya ɗauki wannan darasi, ya daina taɓa agogo da hannu ana tsakiyar aiki.

A ƙarshe a gwada. A Windows a buɗe wurin rubuta umarni da izinin mai kula da inji, a buga w32tm /resync. A Linux, chronyc tracking zai nuna yawan tazarar. In ya ƙi, a duba ko katangar tsaro ta toshe ƙofa ta 123, wadda NTP ke bi. A riƙa yin wannan dubawa da safe kafin layi ya taru, domin ɗalibin da ya biya kuɗin mashin daga ƙauye bai kamata ya koma hannu rabbana saboda agogo ba.