Akwatin Kwamfuta Marar Fanka: Da Zafin Afrilu Ake Yin Awo

Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar tebur da ta yi hunturu biyu a Kano ba a share ta ba, ya san abin da zai tarar. Ƙura ta daskare a fukafukan fanka kamar an yi musu yaɓe, ta toshe tsakanin haƙoran ƙarfen da ke kan firosesa, wani lokaci har da gawar kyankyaso a gefe. A shagona, inda nake gyara da haɗa kwamfuta, yawancin waɗanda ake kawowa da kukan "tana kashe kanta" ba wata cuta ce mai zurfi ke damunsu ba. Fanka ce ta sha ƙura ta gaji, zafi ya taru, na'urar ta ɗauke don kada ta ƙone.

Wannan ne ya sa da wani mai ɗan ɗakin naɗar murya ya zo ya ce in haɗa masa kwamfutar da ba ta da fanka ko ɗaya, na karɓa ban yi dogon tunani ba. Shi ba ƙura ce damuwarsa ba, ƙara ce. Ɗakin nasa ƙarami ne, an lulluɓe bangon da soso, kuma makirfonsa na kwashe gurnanin fanka ya cusa shi cikin karatun da ake naɗa. Ya ce, "Malam, ina son in kunna ta in rasa gane ko a kunne take." Na ce in Allah ya yarda zai samu. Akwai kamfanonin da ke yin irin wannan akwati, su Streacom da Akasa da HDPlex, amma kafin a biya kuɗinsa da na dakon nauyinsa zuwa nan, ya fi ƙarfin aljihun mutumin. Sai muka tsaya a kan in ƙera da hannuna.

Na farkon da na yi bai yi ba, kuma laifina ne.

Na samo faffaɗan alminiyam mai haƙora kamar mataji daga jikin wata matacciyar inbata, na kwantar da shi a matsayin rufin akwatin, na jawo zafin firosesa zuwa gare shi. A watan Janairu na gama. Na bar ta tana aiki yini guda a shago, ma'auni bai nuna abin tsoro ba, na kai masa ina ta jin kaina. Da Afrilu ya kama sai ga waya. "Malam, abar nan fa in ta yi awa ɗaya sai ta dinga jan ƙafa, murya na tsinkewa." Da na je na ɗora hannu a kan rufin, ban iya barinsa ba.

Abin da na yi sake da shi a fili yake. Matajin alminiyam ba sanyi yake ƙirƙira ba, zafi yake miƙa wa iskar ɗaki, kuma yawan abin da zai iya miƙawa ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin zafin jikinsa da zafin iskar. In yana buƙatar ya ɗara iskar da digiri 35 kafin ya zubar da zafin da ake ba shi, to a ɗaki mai digiri 24 zai tsaya a 59, lafiya lau. A kai shi ɗaki mai digiri 40, sai ya haura zuwa 75, ita kuwa firosesar da ke can ciki kullum ta fi shi zafi da wasu digirin masu yawa. Yawancin firosesar Intel a digiri 100 suke taka birki, na AMD da yawa a 95, kuma birkin nan shi ne jan ƙafar da mutumina ya gani. Masu gwada irin waɗannan akwatuna a Turai a ɗaki mai digiri 20 da 'yan kai suke gwaji. In ka karanta cewa akwati kaza na ɗaukar wat 65, ka sani ba da ɗakin kwano na watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi aka auna ba. Ni ma da sanyin hunturu na yaudari kaina.

Ba ni na fara faɗawa wannan rami ba. Kamfanin Apple ya fitar da Apple III a 1980 ba fanka, ya dogara da gangar jikin alminiyam ta kwashe zafi, na'urar ta yi ƙaurin suna wajen zafi da lalacewa. Wannan bai rage mini kunya a gaban mai ɗakin naɗar murya ba, amma ya sa na koma na ɗauki biro da takarda.

Lissafin ba shi da wuya, kuma shi ya kamata a fara yi kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya. A iskar da ba a kaɗa ta, kowace murabba'in mita ta fuskar ƙarfe na zubar da kimanin wat 5 a kan kowane digiri ɗaya na tazara. Ƙiyasi ne, amma ya isa a fara da shi. Na ɗauka ɗaki zai kai 40, kuma ba na son ƙarfen ya wuce 60, saboda fiye da haka yana ƙona hannu. Tazara 20 ke nan. Firosesa mai wat 35 za ta buƙaci murabba'in mita 0.35, wato murabba'in santimita 3,500. Haƙori ɗaya mai tsawon santimita 20 da zurfin 4, in ka haɗa fuskokinsa biyu, yana ba da 160. Ka ga ana neman haƙora 22. Ni sai na ninka, na sa mataji a bangon dama da na hagu, domin lambar wat da ake rubutawa a kwalin firosesa ba ita ce iyakarta ba. In aiki ya yi nauyi takan zarce ta na ɗan lokaci, sai an shiga BIOS an ɗaure ta.

Yawan haƙora kaɗai ba ya wadatarwa, kuma a nan ne matajin inbata ya ci amanata. An ƙera shi ne don fanka ta tura iska ta tsakaninsa da ƙarfi, saboda haka haƙoransa a matse suke. In babu fanka, iska mai zafi da kanta take tashi sama, a hankali, ba ta da ƙarfin kutsawa ta siririn lungu. Tana son fili, wajen milimita 8 zuwa 10 tsakanin haƙori da haƙori. Tana kuma son haƙoran su tsaya a tsaye, ta shiga ta ƙasa da sanyinta ta fita ta sama da zafinta, kamar yadda hayaƙi ke bin bututu. Ni kuwa na kwantar da nawa. Dubi Noctua NH-P1 da aka fitar a 2021 don aiki ba fanka: nauyinsa ya haura kilo ɗaya, fukafukansa masu kauri ne, kuma tsakaninsu wagege. Ba don ado aka yi haka ba.

Batun ƙarfe kuma, jan ƙarfe ya fi alminiyam saurin ɗaukar zafi kusan ninki biyu, alminiyam kuma ya fi baƙin ƙarfe wajen ninki huɗu. Don haka jan ƙarfe ake ɗorawa a kan firosesa, bango a yi shi da alminiyam saboda sauƙin nauyi da kuɗi, baƙin ƙarfe kuwa sai dai a ƙasa ko a baya inda ba a neman ya yi aikin zafi. Yaron shagona ya kawo shawarar mu kai wa masu zubin tukunya su zuba mana mataji daidai yadda muke so. Na gwada ɗaya. Sana'arsu suka iya, tukunya suke yi mai shekaru, amma narkakken tarkace ne na gwangwani da fistin, yana fitowa da 'yan ramukan iska a ciki, bayansa kuma ba ya shafewa sumul. Wurin da zafi zai ƙetara daga ƙarfe zuwa ƙarfe, ko ratar da ido ba ya gani asara ce, don iska na daga cikin mafi munin abubuwa wajen ɗaukar zafi. Daga ƙarshe a Ƙofar Ruwa na yi ta yawo cikin tsofaffin kaya har na samu mataji biyu masu faɗin haƙora, na kai aka yanka mini su daidai.

Sai abin da ke ɗauko zafin daga tsakiyar allo ya kai shi bango, wato bututun zafi. Siririn bututun jan ƙarfe ne, kaurinsa milimita 6, an zuƙe iskar cikinsa, an ɗiga ɗan ruwa, an toshe bakinsa biyu. Da yake babu iska a ciki, ruwan na tafasa tun zafi bai yi nisa ba. Tururin ya ruga zuwa ɓangaren da ya fi sanyi, ya sauke zafinsa ya koma ruwa, ruwan kuma ya biyo garin jan ƙarfen da aka manna a bangon ciki ya dawo, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Ruwan da ke zama tururi yana tafiya da zafi, abin da randa ta daɗe da sani, kuma a kansa marigayi Mohammed Bah Abba ya gina tukunya cikin tukunya da ta samo masa lambar Rolex a 2000. Bambancin kawai, a bututun nan ruwan ba ya ƙarewa, zagaye yake yi.

Lanƙwasa shi ne wahala. Ranar da muka fara, na juya baya ina amsa waya, sai na ji yaron ya ce, "Oga, ya karye fa." Bai karye ba, ya dai kama shi da filaya ya murɗa, wurin ya tsuke kamar karan dawa da aka taka. Wannan bututu ya tashi daga aiki, tunda hanyar tururi ta toshe. Na ce, "Kai, wannan ba rodi ba ne." Muka sassaƙa katako mai zagaye muka dinga kwantar da bututun a jikinsa da tafin hannu, kaɗan-kaɗan, gwiwar ba ta fi ninki uku na kaurinsa tsukewa ba. Kada a huda shi, kada a yanke shi, kada a kai shi wurin mai walda. Kuma a yi ƙoƙari ƙarshensa na bango ya fi na kan firosesa tudu, ko su yi daidai, don ruwa ya fi son gangarowa. Huɗu na sa, biyu dama biyu hagu. Inda suka kwanta a jikin bango na matse su da faranti mai kwarmi, bayan na goge wurin da samfefa mai laushi a kan gilashi har ya shafe, na shafa man zafi siriri. Man nan cike ƙananan ramuka ne aikinsa. Masu lafta shi kamar man shanu a kan tuwo ƙara wa zafi shamaki suke yi.

Akwai abin da mutane ke mantawa, ni ma na manta a karon farko. Fankar firosesa ba firosesa kaɗai take yi wa fifita ba. Iskarta na shafar ƙananan kayan da ke daidaita wuta a gefenta, da ma'ajiyar bayanai, da sauran abin da ke kan allo. Ka cire ta, duk sun shiga uku a ɓoye. Yawancin ma'ajiyar SSD digiri 70 ne iyakar da aka yarje musu, su kuma kafasito masu ruwa a ciki, ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 na rage rabin kwanansu. Na huda ƙasan akwatin da rufinsa, na yi masa ƙafafu masu tsayi don iska ta samu mashiga, na manna ƙananan mataji a kan waɗannan kaya. Ƙura na shiga ta hudojin, gaskiya ne, amma abin da ke sauka da kansa bai kama ƙafar abin da fanka ke zuƙowa dare da rana ba. Na waje kuwa burushin fenti ya ishe shi. Bangon na fesa masa baƙin fenti marar sheƙi, shafi ɗaya siriri, domin alminiyam mai ƙyalli ba ya feso zafi sosai, mai fenti kuwa yana yi.

Wutar lantarki ban bari ta shiga akwatin da ƙarfinta ba. Allon da na zaɓa ƙarami ne, santimita 17 kowane gefe, irin siririn da ke karɓar bolt 19 daga caja ta waje kamar laftof. Wannan ya fitar da zafin na'urar wuta daga ciki, ya kuma kawar da haɗarin a taɓa akwatin ƙarfe a ji shokin. Wanda ya ga dama ya ɓare na'urar wuta ta kwamfutar tebur don ya cire fankarta, ina roƙonsa ya bari. Kafasitonta na riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare soket.

Ba kowa nake yi wa wannan aiki ba. In ka zo da katin hoto mai cin wat 200 kana gyaran fim ko wasan gem, zan ce maka a'a, don bangon da zai ɗauki wannan zafi a garin nan sai mutum biyu sun ɗaga shi. Gara babbar fanka mai juyawa a hankali da ragar tace ƙura da za a dinga wankewa. In kuma rubutu ne da lissafin shago da intanet, akwai firosesa irin su Intel N100 mai wat 6, wadda ɗan ƙaramin mataji ya ishe ta, batirin sola ma ba ya jin ta. Ƙira irin tawa tsakanin waɗannan biyun take da amfani.

Ta biyun a watan Mayu na gwada ta, da azahar, ƙofar shago a rufe, na ba ta aiki mai nauyi awa uku, don irin wannan akwati yana daɗewa kafin zafinsa ya gama hawa, gwajin minti goma ƙarya yake yi. Ba ta ja ƙafa ba. Na kai masa, na ce ya bar mata tazarar taƙi ɗaya ta kowane gefe, kada ya sa ta a kabad.

Bayan mako uku ya sake kira, wai ta fara ɗumi. Na hau babur na je gabana na faɗuwa. Na tarar an shimfiɗa mata wani kyakkyawan kyalle mai aikin saƙa, ya rufe hudojin sama ya sauko har kan haƙoran. Ya ce uwargida ce ta leƙo ta ga ƙura na sauka a kanta, ta ji tausayinta. Na yaye kyallen na ninke na miƙa masa, na ce, "Alhaji, a gaishe da Hajiya, a ce mata wannan na talabijin ne."