Ɗaki a Bakin Kanal: Yadda Tsarin Ɗaki Ke Taɓa Lafiya a Kura da Bunkure

Idan aka ce "tsara ɗaki", abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne hotunan da muke gani a Instagram: silin na POP mai fitilu kala-kala, labule har ƙasa, kujeru 'yan Turkiyya. Wannan ado ne, kuma ba raina shi nake yi ba. Amma a yadda ake koyar da mu a sashen fasahar zanen gine-gine, tsarin cikin ɗaki ya fi haka faɗi. Ya haɗa da inda taga take da girmanta, abin da ke saman kanka, abin da ke ƙarƙashin ƙafarka, bangon da gado ya jingina da shi, da kuma abin da ka yarda ya kwana tare da kai. Zan ɗauki yankinmu na Kura da Bunkure a matsayin misali, domin a can idan tsarin ɗaki ya ɓaci, ba a daɗewa sai ka ga sakamakonsa a katin asibiti.

Ga waɗanda ba su san wurin ba: tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ke gangarowa ta babban kanal yana rarrabuwa cikin dubban hektoci na gonaki a ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Da damina shinkafa, da rani tumatir, albasa, alkama, masara, wasu ma su sake zuba shinkafar. Arziki ne babba. Sai dai ruwan da ke ciyar da mu shi ne kuma ke renon sauro. A garuruwan da babu noman rani, idan damina ta ɗauke kududdufai sukan ƙafe, sauro ya ragu sosai. Mu kuwa fadamar shinkafa da ƙananan magudanai ba sa rabuwa da ruwa, don haka sauronmu ba ya tafiya hutu. Ku tuna kuma cewa, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, Nijeriya kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya.

Yanzu ga matsalar da mai ɗaki ke ciki a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40. In ya buɗe taga, sauro. In ya rufe, ɗakin bulo mai rufin kwano ya koma tanda. Gaba kura, baya sayaki, kuma mu mutanen Kura ba ma jin haushin karin maganar. Abin da ke faruwa a ƙarshe kowa ya sani: a ɗauko tabarma a fito tsakar gida, a bar gidan sauro a rataye a ciki, saboda wa zai shiga raga cikin wannan gumi? Ke nan zafin ɗakin ne ya kori mutum ya miƙa shi ga sauro. Shi ya sa nake ganin ba a raba maganar iska da maganar sauro, tambaya ɗaya ce: ta yaya iska za ta shiga, shi kuma ya tsaya a waje?

Mu fara da ƙofar da sauron ya fi bi, wadda yawanci ba ma kallonta. Ɗaga kanka ka dubi inda bango ya haɗu da kwanon rufi. A gidaje da yawa akwai tazara a nan, wani wurin har hannu na iya shiga. Iskar ɗaki mai ɗumi, ɗauke da warin jikin mutum da numfashinsa, sama take tashi ta fita ta wannan tazarar. Macen sauron Anofilis, wadda ita ce ke yaɗa zazzaɓin kuma cikin dare take cizo, tana bin warin har ta iso bango, ta yi sama, ta faɗa ciki. An gwada muhimmancin wannan a yankin Farafenni na ƙasar Gambiya, a gidaje 500, aka buga sakamakon a mujallar likitoci ta The Lancet a 2009. Gidajen da aka toshe musu tazarar aka kuma sa wa ƙofofi da tagogi raga, sauron da ke shiga ya ragu da kashi 59 cikin ɗari. Waɗanda aka yi wa silin na raga kawai, ya ragu da kashi 47. Yaran da ke kwana a waɗannan gidaje kuma sun fi sauran tsira daga ƙarancin jini. Wannan ba ya nufin a jefar da gidan sauro. Ragar taga tana rage masu shigowa ne, gidan sauro kuma ya tare waɗanda suka kuɓuce.

Amma fa in ka toshe tazarar nan ka tsaya a nan, ka rufe hanyar da zafi ke fita. Dole ka biya iska bashinta ta wata hanyar. Ƙa'idar da muke aiki da ita a zane ita ce faɗin taga kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin ƙasan ɗaki. Ɗakin da muka saba da shi, ƙafa 12 sau 12, ya kama ƙafa 144 ke nan, don haka yana buƙatar taga wajen ƙafa 4 sau 4. Wannan mafi ƙaranci ne, kuma tun da raga tana rage ƙarfin iska, gara a ƙara. Abin da ya fi girman ma muhimmanci shi ne tagogin su zama biyu a bango daban-daban, ɗaya ta shigo da iska ɗaya ta fitar. Taga ɗaya tal, komai girmanta, kamar hura iska ne a cikin kwalba. Da damina iskarmu daga kudu maso yamma take zuwa, da hunturu kuma daga arewa maso gabas, to sai a lura da wannan wajen zaɓen bango. Wani abu kuma: tagar alminiyam mai zugewa da ake yayi yanzu rabinta kawai ke buɗuwa, ɗayan rabin gilashi ne a tsaye. Tsohuwar luba da ake ganin ta zama ta ƙauye kusan duk faɗinta ke ba iska hanya. Ni dai in zan zaɓa wa ɗakin da ba shi da tabbacin wutar lantarki, luba zan ɗauka in lulluɓe ta da raga.

Silin kuma ba kwalliya ba ne kawai. Kwanon da ya sha rana yana sako zafi kai tsaye kan wanda ke ƙasa, silin ne ke tare shi. Ko na katako mai araha ne, ko tabarmar kaba da aka ɗaure da kyau, ya fi babu, muddin an bar 'yan ƙofofin iska masu raga tsakaninsa da kwanon don zafin da ya taru ya samu mafita. Kakanninmu sun riga mu gane wannan. Soron tubali mai kaurin bango da rufin azara yakan shanye zafin rana a hankali, shi ya sa zaure ke da sanyi da azahar, kuma ba shi da waccan tazarar ta kwano. Har laso suke yi masa, wanda ake haɗawa da katsin marina, ga shi kuwa Kura gidan rini ce tun fil azal. Inda soron ya gaza shi ne 'yan tagoginsa ƙanana da duhu. Sai mu ɗauki kaurin da rufin, mu bar duhun. Ƙaramin ƙari: bangon yamma ne ke shan ranar la'asar, yana kuma fitar da zafin har tsakar dare, don haka kada a manna kan gado da shi in akwai zaɓi.

To, yanzu na zo inda na san za a yi mini ca, musamman 'yan uwana mata: jeren amarya. A wurinmu ainihin masu tsara ɗaki ba mu masu difloma ba ne, gwaggo ce da inna da ƙawayen amarya, ranar jere. Sun iya aikinsu, ɗaki yakan fito tsaf. Amma ma'auninsu ido ne, wato me 'yan ganin ɗaki za su ce. Na sha ganin ɗaki mai taga biyu da aka jingina sif a kan ɗaya saboda nan ne kawai ya shiga, ɗayar kuma aka yi mata labule hawa uku da ba a taɓa zugewa. Ga gado mai cin rabin ɗaki an matse shi a kusurwa, ga kafet daga bango zuwa bango, ga akwatuna da kwalla a ƙarƙashin gado. Ɗakin da magini ya yi wa hanyar iska, an toshe ta cikin yini ɗaya. Sauro kuma babu abin da yake so da rana kamar duhu da lungu: bayan sif, ƙarƙashin gado, cikin kayan da aka rataya a ƙusa.

Sannan a zo batun gidan sauro. Ina za a ɗaura shi? Silin sabo ne, ba wanda zai yarda a buga masa ƙusa, ita ma amarya tana ganin raga za ta ɓata mata kwalliyar gado. Nan ne abin ke damuna, domin sau da yawa kafin shekara ta zagayo wannan amaryar na da juna biyu, kuma mai ciki da yaro ɗan ƙasa da shekara 5 su ne zazzaɓin nan ya fi yi wa illa. Yana jawo wa uwa ƙarancin jini, ya sa a haifi jariri ba nauyi. Gyaran kuwa ba shi da tsada. Tun wurin kafinta a ce ya yi wa gadon sanduna huɗu da ake cirewa a mayar, ko a sa ƙugiyoyi a sama kafin a gama silin. A bar tazara tsakanin gado da bango yadda za a iya cusa bakin ragar ƙarƙashin katifa ta kowane gefe. Sif ya koma bangon da ba taga. Labule ya zama mara nauyi, mai zugewa. Fenti mai haske, ko farar ƙasa ma, yana ƙara wa ɗaki haske ya rage wa sauro maɓoya. In kuɗi bai kai ba, wallahi gara a rage kujera ɗaya a sayi ragar taga.

Ƙasan ɗaki ma na da nasa labarin. Gidajen da ke kusa da kanal ko gonar shinkafa sukan yi fama da danshi mai tasowa daga ƙasa: gindin bango ya jiƙe, fenti ya ɓare, ɗaki ya riƙa wari. In ka shimfiɗa kafet a kan irin wannan ƙasa, ka yi wa funfuna gida, ita kuma tana tayar da asma da tari. Mai sabon gini kada ya yarda a tsallake ledar nan mai kauri da ake shimfiɗawa kafin a zuba kankaren ƙasa. Mai tsohon ɗaki kuma ya fi masa alheri ya bar siminti ko tayil a fili, ya sa tabarma ko darduma da za a iya fitarwa a shanya. A jihar Coahuila ta ƙasar Meziko, gwamnati ta fara wani shiri a shekarar 2000 na zuba wa gidajen talakawa siminti a maimakon turɓaya. Da masana suka bibiyi abin, sun tarar gudawa da tsutsar ciki da ƙarancin jini sun ragu ƙwarai a tsakanin ƙananan yara, su kuma iyaye mata damuwarsu ta ragu, sun fi jin daɗin gidajensu. Siminti kawai fa.

Hayaƙi ba zan daɗe a kansa ba, duk mun san shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida na kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara. Matan Kura masu turara shinkafa suna yini a gaban murhun itace da ɓuntu, ga yaro a goye. Murhun ya yi nesa da tagar ɗakin kwana, madafa kuma ta samu mafitar hayaƙi a sama, ba ƙofa kaɗai ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne yadda ɗakin kwanan manomi kan zama sito. Dalilin a fili yake, tsoron ɓarayi. Sai ka ga buhunan shinkafa a gefe, taki a gefe, jarkar maganin feshi da galan ɗin man injin ban-ruwa a ƙarƙashin gado, yara na rarrafe a wurin. Ƙwayar maganin da ake jefawa cikin buhun hatsi don kashe ƙwari, da ta ji danshi iskar guba take saki, kuma buhu ba ya riƙe ta. Kwana da ita a rufaffen ɗaki na iya kashe gida guda. Haka fiya-fiya da ake yayyafawa don sauro a rufe ƙofa a kwanta: maganin gona ne, ba na ɗaki ba, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa barkatai. Da hunturu kuma ga kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe ko'ina, ko janareto a baranda dab da taga. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi.

Faɗa wa manomi "fitar da kayan nan" ba zai yi aiki ba in ba ka nuna masa inda zai kai su ba. Don haka a zanen da nake yi na aikin kammala karatu, na ware ɗan sito ƙafa 6 sau 8 kusa da zaure, mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo, da ƙofofin iska a sama, bangonsa bai haɗu da na ɗakin kwana ba. A ciki na sa kanta mai tsayi don magungunan feshi, inda hannun yaro ba zai kai ba, buhuna kuma a kan katako don kada su taɓa ƙasa. Ƙofar tana kallon tagar maigida, yadda ko motsi aka yi cikin dare zai ji.