Yadda Ake Ƙirga Mabuɗai Idan Aka Haɗa Tsofaffin Dabarun Rubutun Sirri

Mabuɗi a fannin rubutun sirri shi ne bayanin da mai aika saƙo da mai karɓarsa kaɗai suka sani, wanda da shi ake ɓoye saƙon, da shi kuma ake warware shi. Ana fara lissafin ne da ƙirga mabuɗan kowace dabara ita kaɗai. Dabarar da ake jinginawa ga Yuliyas Kaisar, wadda ke matsar da kowane harafi gaba da wani adadi tsayayye, mabuɗai 26 gare ta a abacada mai haruffa 26, ɗaya daga cikinsu ma ba ya canza komai. Ita kuwa dabarar sauya gurbi, wadda ake rubuta saƙo cikin ginshiƙai sannan a hautsina jerinsu, idan ginshiƙan 10 ne sai a yi 10 sau 9 sau 8 har zuwa 1, a samu 3,628,800.

Daga nan sai a bincika ko haɗin ya haifar da wani sabon abu, kuma nan ne masu gaggawa suke tuntuɓe. Idan aka matsar da harafi da 3, aka sake matsar da shi da 5, daidai yake da matsarwa ɗaya da 8, saboda haka Kaisar biyu ba sa ba da 26 sau 26, wato 676, 26 ɗin nan ce dai. Haka nan dabarar Vigenère, wadda ke amfani da kalma a matsayin mabuɗi, kowane harafinta da nasa adadin matsarwa: idan aka haɗa kalma mai haruffa 3 da mai haruffa 4, za a zaci 26 za a ninka da kanta sau 7, alhali sau 6 ne, domin ƙara taki ɗaya a duk haruffan kalmar farko tare da rage shi a duk na ta biyu ba ya sauya sakamako.

Amma idan dabarun sun bambanta a jinsi, wato ɗaya tana musanya haruffa ɗaya kuma tana sauya gurabensu, ana ninka adadin mabuɗansu kai tsaye, kamar 26 sau 3,628,800. A kan irin wannan haɗi sojojin Jamus suka gina tsarin ADFGVX a shekarar 1918, amma yawan mabuɗansa bai hana Georges Painvin na rundunar Faransa warware wasu saƙonninsa a cikin wannan shekarar ba.