Buhu nawa mota za ta ja?

Ƴan uwa manoma, idan kaka ta yi, hanyoyin Gabi ba su hutawa. Gero, wake, gujiya da aya suna fita zuwa kasuwannin Ɗan Isa, Madarunfa da Maraɗi. Wani da amalanken shanu, wani da na jaki, wasu kuma su haɗa kuɗi su yi hayar ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, irin Hilux. Idan kaya sun yi yawa, sai a ɗaura wa motar amalanken ƙarfe a baya, wanda direbobi ke kira remok. Darasinmu na yau shi ne: nauyi nawa ya kamata a ɗora?

Mun sha jin direba yana cewa a ƙara buhu biyu, injinsa na da ƙarfi. Ba ƙarya ya yi ba, injin zai ja. Amma tashi ba shi ne abin tsoro ba, tsayawa ce. Birkin mota an yi shi ne daidai da wani nauyi. Idan nauyin ya wuce, direba zai taka birki, remok kuwa ya ci gaba da tura motar daga baya. In akuya ko yaro ya gitta a wannan lokaci, sai dai Allah ya kiyaye.

Kowace mota tana da iyakarta a rubuce, a takardar mota da kuma jikin wani ɗan ƙarfe ko takarda da ke manne kusa da ƙofar direba. Tun da yanzu mun iya karatu, mu nemi a nuna mana. Akwai nauyin motar ba kaya. Akwai kuma iyakar nauyinta da kaya da mutane duka, wanda ake rubutawa PTAC da Faransanci. Mu ɗebe na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne abin da za ta ɗauka.

Ga misali. An rubuta PTAC kilo 2800, nauyin mota kilo 1800. Saura kilo 1000. Mun san buhun gero mai tiya 40 yana kai kilo 100, sai wani ya ce buhu 10 ke nan. A'a! Ina direba, ina yaron mota, ina masu kaya? Mutum biyar sun kai kilo 300. Saura kilo 700, watau buhu 7.

To, remok fa? Ƙasashen duniya sun yi yarjejeniya a kan tafiya bisa hanya a birnin Viyana a shekarar 1968. A cikinta an ce remok da iyakar nauyinsa ta wuce kilo 750 dole ya sami birkin kansa. Galibin waɗanda maƙera ke haɗawa a garejojinmu ba su da birki, saboda haka kilo 750 ita ce iyakarsu, kuma har da nauyin remok ɗin a ciki. Idan shi kansa kilo 250 ne, buhu 5 kawai ya rage. Wanda ya ji an ce sabuwar Hilux na jan kilo 3000 ko fiye, ya sani ana maganar remok mai birki ne.

Akwai wani nauyi da ake mantawa. Bakin remok yana danna ƙugiyar da aka ɗaura shi a bayan mota. Ana so wannan dannawa ta kai wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin remok. A misalinmu kilo 75 ke nan, kuma motar ce ke ɗauke da shi. Don haka buhu 7 ɗin nan sun koma 6.

Mai amalanken shanu ya riga ya san wannan ilimi, ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba. In ya tara kaya a gaba, wuyan shanu ya danne har ya yi miki. In ya tara su a baya, itacen wuya ya ɗaga, igiya ta shaƙe dabba. Haka mota take. Kaya sun yi yawa a bakin remok, bayan mota ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya daina jin magana. Kaya sun taru a wutsiya, remok ya fara lilo dama da hagu, har ya kifar da mota. Wannan na biyu ya fi muni. A sa kaya masu nauyi a ƙasa, bisa tayoyi da ɗan gabansu, a ɗaure tam, a ƙara sarƙa tsakanin mota da remok ko ƙugiya za ta kuɓuce. Idan lilo ya fara, kada direba ya danna birki da ƙarfi. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari sak, motar ta rage gudu da kanta.

Ido yana ruɗi wajen nauyi. Buhun gujiya mai ɓawo babba ne amma bai kai gero nauyi ba. Buhun taki ko na siminti ƙarami ne, kilo 50. Tano mai lita 200 idan ya cika ruwa ya kai buhun gero biyu. Ɗanyen itace ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba. Kuma lissafin nan namu na hanya mai kyau ne. A rairayi, ko a gangaren gulbi, ko da zafin bazara lokacin da taya mai kaya da yawa ke zafi har ta fashe, sai a rage kaya, a rage gudu. Wanda ya ninka gudunsa biyu, nisan da zai yi kafin ya tsaya ya ninka huɗu.

Mutum kuwa ba ya hawa remok, ko kyauta ne. Ba shi da abin riƙewa, direba kuma ba ya ganinsa in ya faɗi. A ganinmu ladan zuwa biyu ya fi sauƙin biya bisa ga kuɗin ɗori da jinya.

Ga aikin da za a yi a aji. Mota tana ɗaukar kilo 900. Mutum uku za su shiga, kowane kilo 60. Za a ɗaura mata remok mara birki mai nauyin kilo 300, bakinsa zai danna ta da kilo 70. Buhun taki nawa za a sa a mota, nawa kuma a remok? Kowa ya rubuta amsarsa ya nuna wa malamin ajinsa.