Birkin Tsere a Titin Zariya?

Tambaya: Malam, na sayi mota mai gudu, ina son sa mata birkin tsere. Me za ka ce? Daga wani matashi a Tarauni.

Amsa: Ƙanena, dakata tukuna. Takalmin birkin tsere sai ya ɗau zafi sosai yake kamawa. Da sanyin safiya, a cunkoson Gyaɗi-Gyaɗi, in adaidaita sahu ya tsaya gabanka kwatsam, a nan birkin zai ba ka kunya. Ga ƙara, ga cin faifai. Nemi mai inganci na hawan yau da kullum, kuma in za ka kasuwar Ƙofar Ruwa tafi da bakaniken da ka yarda da shi, don jabu ya yi yawa.

Man birki ya fi damuna. Yana tsotsar danshi, in ya tafasa sai ka taka ka ji fayau. Sabon DOT 3 yana jure zafin digiri 205, DOT 4 kuwa 230. Canza shi duk shekara 2, kada ka haɗa da DOT 5.

Duba tayoyinka ma, su ne ke riƙe kwalta. Gudun gwaji kuwa sai a killataccen fili, ba a Titin Zariya ba. Kusa da Asibitin Malam, marasa lafiya ke tsallaka titi.