Tazarar Lokaci da Koyo: Darasi Daga Tsutsa

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa tazarar da ke tsakanin darasi da darasi tana da tasiri a kan daɗewar abin da aka koya. Hujjarmu za ta fito daga wata 'yar tsutsa mai suna *Caenorhabditis elegans*, wadda tsawonta bai wuce milimita 1 ba, ƙwayoyin jijiyarta kuwa 302 ne kacal. Danginta ne ke kumbura saiwar tumatir a fadamun Zariya.

Mafi sauƙin koyo shi ne sabo. Alal misali, baƙon da ya sauka a bakin titi a Tudun Wada, ƙarar motoci kan hana shi barci, amma bayan 'yan kwanaki sai kunnensa ya saba. Haka ita ma tsutsar take. In an ƙwanƙwasa farantin da take ciki sai ta ja da baya, in kuwa aka yi ta maimaitawa sai ja da bayan ya ragu. Catharine Rankin ta Jami'ar British Columbia a Kanada, ita da abokan aikinta, suka bayyana wannan a 1990.

A 1992 Rankin da Broster suka gwada tazara iri-iri. Da suka riƙa ƙwanƙwasawa duk bayan sakan 10, tsutsar ta saba da sauri, amma sabon bai jima ba ya gushe. Da tazarar ta zama sakan 60, sabon ya zo a hankali, ya kuma fi daɗewa. Daɗa a 1997 Beck da Rankin suka nuna cewa horon da aka rarraba kashi-kashi, da hutu a tsakani, shi ne ke wanzuwa har bayan awa 24, wanda aka yi a zama ɗaya kuwa ba ya kai nan.

Ko da yake sabon tsutsa daban ne da haddar ɗan Adam, tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gano irin wannan ƙa'ida ga mutane. Malaman makarantun allo na Tudun Wada ma a kanta suke tafiya, domin almajiri kan biya allonsa safe da yamma da dare, ya huta Alhamis da Juma'a, sannan ya koma tilawa. Saboda haka ɗalibin da ya tara karatun zango guda sai daren jarrabawa, abin da ya ɗauka da gaggawa, da gaggawa zai zube.