Yadda Ake Rataya Wayar Jirgin Ƙasa Mai Lantarki

Jirgin da ke zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna tun 2016 da man dizal yake tafiya, shi ya sa yawancinmu ba mu saba ganin waya a bisa layin dogo ba. Amma jirgin da ya haɗa Adis Ababa da Jibuti daga wayar sama yake shan wuta, mai ƙarfin bolt 25,000. A gefen irin wannan layi ana kafa turakan ƙarfe, mita 50 zuwa 60 tsakaninsu. Kowane turke yana da hannu da ya miƙo bisa dogon yana riƙe da wayar. Yau injiniya a kwamfuta yake fara jera waɗannan hannaye, tun ba a haƙa rami ko ɗaya ba.

Mai kallo zai zaci a tsakiyar layi sosai ya kamata wayar ta bi. Ba haka ba ne. A rufin jirgin akwai wani ƙarfe mai naɗewa da ake kira fantogiraf, wanda bakinsa ke gugar wayar. Duk mun ga yadda igiyar guga take cin itacen bakin rijiya idan wuri ɗaya take bi kullum. Don gudun haka, wannan hannu ya jawo wayar dama da kamar milimita 200 zuwa 300, na gaba ya tura ta hagu, gugar ta bazu.

Wahalar tana kan kwana. A can ana ɗaga ƙarfen dogo na waje ya fi na ciki tsawo, jirgin kuwa ya karkata. Mu ɗauka an ɗaga shi da milimita 100, tsakanin ƙarafan biyu milimita 1,500, wayar kuma tana mita 5 a sama. Mu ninka 5,000 da 100, mu raba da 1,500: kusan milimita 333. Iyakar yadda tsakiyar fantogiraf ya goce zuwa cikin kwanar ke nan. Wanda ya auna daga tsakiyar dogo a ƙasa ya manta da wannan, wayarsa tana iya zamewa daga bakin fantogiraf, ƙarfen ya sarƙe ta ya tsinko, layi ya tsaya cik. Manhajar zane tana yin wannan lissafi ga kowane turke, har ta faɗi tsawon bututun da za a yanka wa kowane hannu. Sai dai lambar da aka ba ta take bi. Idan an shigar da 10 a maimakon 100, zanen zai fito tsaf, kuma karkatacce.

Ga kuma zafi. Jan ƙarfe yana miƙewa da kamar 0.000017 na tsawonsa a kowane digiri. Akan ɗaure wayar a tsakiya, a rataya mata nauyi a bakunan biyu don ta zauna a miƙe. Wayar mita 750, idan zafi ya ƙaru da digiri 30, za ta ƙara santimita 38. Saboda haka hannayen suna juyawa a jikin turke kamar ƙyauren ƙofa, kuma injiniya yana ba ma'aikata jadawalin inda kowane hannu zai fuskanta bisa ga zafin ranar da ake ɗaura shi.

'Yan ajin kimiyya su gwada wannan: sanyin asubar hunturu digiri 12, zafin rana a watan Afrilu digiri 42, hannun kuwa yana mita 400 daga inda aka ɗaure wayar. Santimita nawa bakinsa zai matsa?